Yatsan da Siminti Ya Cinye

Wudil, Alhamis, 10 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Sakina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya Fiddausi. Yaya zafi a Lajawa? Mu nan sai godiyar Allah, ruwan randa ma ɗumi yake yi kafin azahar. Ki gaida surukarki, ki ce na gode da kukar da ta aiko.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Malama Ikilima ta makarantarmu ta manya ta ce wadda ta koyi rubutu da furfura a kanta, in ta yi sati ba ta riƙe biro ba sai hannun ya manta. Amma gaskiya ba don Malama na rubuto ba. Gidan nan ɗaki biyu ne, ko tari na yi a waya Malam yana ji, kuma maganar tasa ce.

Babanku ya samu aiki. Kin san tun kafin azumi ba wanda ya kira shi gini. Kwana uku bayan Sallah sai ga shi ya dawo da siminti a ƙafa yana murmushi. Asibitin haihuwar da ake ginawa a hanyar Utai, can aka ɗauke shi. Na ce, ina nufin yayanki, "Malam, ba kamfanin su yaron nan ba ne ke wannan ginin?" Ya ce, "Shi ne." Na ce, "To ya sani?" Sai ya ajiye buta ya dube ni, ya ce, "Indo, in kika faɗa masa ban yafe ba."

Na ce me ya yi zafi haka? Ya ce, "Shekara arba'in ana kirana Maikano birkila a garin nan. Na gina wa mutanen da ban sani ba masallaci da shago har da makewayi. Yau yaron nan ke kula da gini a garinmu, ni kuma ina zaure ina korar ƙuda? Ina so in sa bulona a aikinsa ko bai sani ba. In aka san ni ne, kujera za a ba ni a inuwa, yara su riƙa ce min baban injiniya. Ni birkila ne."

Kin san yadda suke da yayanki. Ɗan fari ne, ko sunansa ba mu taɓa kamawa ba, ni da babanku. In ya zo gida ya durƙusa gaisuwa, Malam bango yake kallo yana amsawa. Amma ranar da ya gama jami'a, sai da Malam ya zagaye kasuwa sau biyu ba abin da ya saya, don dai a tare shi a yi masa murna.

Ga abin da ke damuna. An kafa wata na'ura a bakin ƙofar wurin ginin. Kowa sai ya dangwala babban yatsa kamar ranar zaɓe, ta nuna kore, sannan a san ya zo aiki. Ba ta san suna ba, shi a wurinta lamba arba'in da bakwai ne. To yatsan babanku siminti ya cinye zanensa, ya yi santsi kamar bayan cokali. Ranar rajista ma sai da aka gwada sau shida. A satin nan sau uku tana nuna masa ja. Ya lasa yatsan, ya goge a riga, ya hura masa iska, samari a bayansa suna tsokana, "Baba, ko dai aljani ne kai? Na'ura ba ta ganinka!" Shi kuma ya ce, "Kakanka ne aljani, ɗan nema," a kwashe da dariya. Sai Labaran foman, shugaban ma'aikatan wurin, ya ce, "Wuce Baba, zan shigar da kai daga baya."

Yana ba ni labarin yana dariya. Ni ban yi ba. Na san Labaran tun yana yawo ba wando, in uwarsa ta aike shi gishiri kanwa yake kawowa.

Ki yi shiru da wannan, ko maigidanki kada ya ji. Ki shafa min kan Fiddausi.

Ni ce mahaifiyarki,
Indo

*

Wudil, Alhamis, 17 ga Afrilu

Zuwa ga yayan Sakina,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, yaya aiki, yaya mutanen Kaduna? Mu nan duk lafiya. Malam yana lafiya. Ya'u direban motar shanu ne zai miƙa maka wannan in ya biyo ta wurinku gobe bayan kasuwa. In kana da amsa ka ba shi in ya dawo.

Wannan ce takarda ta farko da na taɓa rubuta maka. Ka yi haƙuri da rubutun, ba ya son tafiya a kan layi. In ka kira waya daga gaisuwa sai bakina ya mutu, ka sani. Na ga kamar biro ba ya jin kunya, shi ya sa na gwada.

Na ji ana cewa asibitin da ake ginawa a hanyar Utai na kamfaninku ne, kuma kai ne kake kallon aikin daga can cikin kwamfuta. Mata a makaranta suna ta tambayata ta yaya mutum yana Kaduna zai ga gini a Wudil. Na ce ni ma ban sani ba, amma in shi ne zai iya.

Akwai tambaya ɗaya. Mijin wata maƙwabciyarmu yana aiki a wurin. Dattijo ne, ya daɗe yana gini. Ta ce na'urar bakin ƙofa wani lokaci ba ta karɓar yatsansa, alhali kuwa ya zo, kuma yana yini yana aiki. Tana tsoron kada a ce ba ya zuwa. Shin in na'ura ba ta ga mutum ba, akwai wanda yake ganinsa? Kuma me ake yi wa wanda ta ce bai zo ba?

Ba wai ina shiga aikinka ba ne. Matar ce ta dame ni, kullum tana zaune a tsakar gidana ta yi tagumi. Ka amsa min da manyan baƙaƙe yadda zan iya karantawa da kaina, ba sai na kai wa kowa ba.

Na sa maka daddawa da yajin ƙuli a leda. Ka riƙa cin abinci, Sakina ta ce a hoton Sallah wuyanka ya yi tsawo.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Ni ce,
Indo uwar Sakina

*

Kaduna, Talata, 22 ga Afrilu

Zuwa ga Inna,

Wa alaikumus salam warahmatullah. Inna, ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Baba. Da Ya'u ya miƙo min takardar na ɗauka Sakina ce. Da na ga hannunki ne sai da na zauna. Na karanta sau uku, na nuna wa abokin ofishina, na ce ka ga rubutun mahaifiyata. Layin ma ya miƙe fiye da nawa. Yajin kuwa har an fara yi min sata.

Gaskiya ne, asibitin namu ne, kuma tsarin da ake bi ni na tsara shi. Bari in yi miki bayani yadda za ki ba matan makaranta amsa. Kullum da yamma foman yana shigar da bayanai a wayarsa: wane birkila ya jera bulo nawa, buhun siminti nawa aka buɗe, ruwa nawa aka ɗiba a tanki. Na'urar ƙofa tana faɗin wanda ya zo. Akwai kuma kyamara a kan dogon ƙarfe tana ɗaukar hoton wurin duk bayan awa ɗaya. Duk wannan yana zuwa min nan. Gine-gine shida nake kallo a allo ɗaya. Wanda aikinsa ke tafiya daidai kore ne, wanda ke baya ja ne. Tun kafin aiki ya lalace nake ganin alamarsa.

Inna, kin tuna lokacin da nake aji huɗu na firamare, Baba ya yi wata biyu a wani gini, da aka tashi biyan kuɗi sai aka ce sunansa ba ya cikin littafi, sunan ƙanin foman ne a wurin? Na tuna yadda ya dawo hannu wofi ya zauna a zaure. Tun ranar abin yake raina. Don irin su Baba na yi wannan tsarin. Da hannuna na cire sunaye na sa lambobi, don kada kowa ya yi son kai, har ni kaina. Lamba ba ta da ƙani, ba ta da suruki.

Game da mijin maƙwabciyarku: in na'ura ta ƙi yatsan mutum, foman zai iya shigar da shi da hannu, amma sai a ranar. In rana ta wuce abin yana kullewa. Ni na sa haka, don kada a dawo daga baya a cusa waɗanda ba su zo ba. Ki ce ya tsaya a kan Labaran har ya ga an shigar da shi. Ƙarshen wata jeren bulo zai ragu, za a rage birkiloli, kuma daga waɗanda ke ja za a fara. In yana zuwa kuma yana aiki, ba abin da zai same shi. Ki kwantar mata da hankali.

Ranar Litinin zan zo duba ginin, zan biyo gida in gaishe ku kafin in juya. Kada ki wahalar da kanki da girki. To, ko ɗan dambu kaɗan.

Ɗanki,
Abdulbaƙi

*

Wudil, Lahadi, 4 ga Mayu

Sakina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri, yau gaisuwata gajera ce.

An sallami babanku.

Bari in fara daga farko. Na rubuta wa yayanki na yi masa ƙarya da mijin maƙwabciya, Allah ya yafe min. Ya amsa cewa dole a shigar da mutum a ranar, in ba haka ba abin ya kulle. Na faɗa wa Malam kamar a makaranta na ji. Ya ce, "Ni zan riƙa bin Labaran a baya ina roƙonsa ya rubuta na zo? Bangon da na gina bai isa shaida ba?" Na ce bango ba ya zuwa Kaduna. Ya ce in bar shi ya ci tuwonsa.

Kuma kin san halinsa. Daga sallar asuba yake wucewa wurin, tun ba a kunna na'urar ba, ya ja tiyo ya bi bangon da aka gina yana ba shi ruwa. Ya ce sabon gini a wannan zafin jariri ne, in bai sha ruwa sati guda safe da yamma ba zai tashi da ciwo a ciki. Samarin ba ruwansu, su dai su jera bulo a ƙirga musu. In ya ga layin wani ya karkace sai ya sa igiya, ya sauke, ya sake jerawa, Labaran kuma ya ƙirga wa mai layin. Na ce, "Malam, kai wa ke ƙirga maka?" Ya ce, "Matan da za su haihu a ciki."

Ranar Litinin yayanki ya zo. Da Malam ya hango motar sai ya zaga bayan tankin ruwa ya tsuguna, awa biyu cur, yana leƙe. Ya ce ya gan shi da farar hular kwano da allo a hannu, manya suna binsa a baya. Ya ce ya tsaya a bangon ɗakin haihuwa, wanda shi Malam ya gina da hannunsa, ya shafa, ya ce, "Wa ya yi wannan? Ya yi kyau." Labaran ya ce, "Yaranmu ne, ranka ya daɗe." Sakina, da babanku yake ba ni labarin nan daɗi ne ya cika shi. Sau uku yana maimaita min, "Ya ce ya yi kyau."

Kafin ya iso gida sai da ya biya kogi ya wanke simintin jikinsa, ya sa farar rigar da ya ɓoye a jaka. Ya tarar da yayanki yana cin dambu. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, shi kuma ya amsa yana kallon bango kamar kullum. Suka yi maganar hadari, ko ruwa zai sauka da wuri bana. Ni ina bakin murhu da maganar a bakina. Na buɗe baki sau biyu, Malam ya dube ni, na rufe. Da na faɗa a ranar, da ba mu kai nan ba.

Ranar Juma'a aka manna takarda a ƙofa. Lambobi takwas, arba'in da bakwai ce a sama. Ƙarfe takwas na safe sai ga Malam ya shigo da jakar kayan aikinsa. Ya rataye ta a ƙusa, ya ce, "Indo, ba ni ruwa." Shi ke nan abin da ya ce.

Jiya da asuba na ji ya ɗauki takalmi. Na ce ina zuwa? Ya ce bangon gabas kwana huɗu kacal ya sha, saura uku. Ya je, maigadi ya tare shi. Ya ce, "Ba aiki na zo ba, ruwa zan ba bango in tafi." Maigadin ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, an ce wanda ba ya cikin na'ura kada ya shiga." Matar maigadin ce ta faɗa min, shi bai faɗa ba. Ta ce ya daɗe a tsaye a bakin wayar shinge yana kallon bangon.

Yau ko zaure bai fita ba. Ban san abin da zan yi ba. Na yi masa alkawari, amma ina kallon mutum yana narkewa a gabana. Ki yi mana addu'a.

Mahaifiyarki,
Indo

*

Wudil, Alhamis, 8 ga Mayu

Zuwa ga yayan Sakina,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma lafiya. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma kada ka karanta a gaban abokin ofishinka.

Babu wata maƙwabciya. Matar da ke zaune a tsakar gidana ta yi tagumi ni ce. Lamba arba'in da bakwai da aka sallama ranar Juma'a, babanka ne.

Na daɗe ina kallon kalmar nan da na rubuta. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ce maka babanka ba, sai Malam, sai baban Sakina. Yau na ce.

Tun kwana uku bayan Sallah yake aiki a asibitin. Ya ce in na faɗa maka bai yafe ba, ga shi na faɗa. Ba don abinci ya je ba, ka san ba ka bar mu da yunwa ba. Ya ce yana so ya sa bulonsa a aikinka. Ranar da ka zo yana bayan tanki a tsugune. Bangon da ka shafa ka ce ya yi kyau, nasa ne.

Bai taɓa fashi ba ko rana ɗaya. Ni ce shaida, ni nake wanke rigar. Yatsansa ne ba shi da zane. Simintin da ya cinye shi, da shi aka saya maka littafi da takalmin makaranta, ba gori nake maka ba, ina faɗa maka inda zanen ya tafi ne. Bulonsa kuwa ya yi kaɗan don rabin yininsa a ba bango ruwa da gyaran layin wasu yake tafiya. Ban san ko allonka yana da wurin rubuta wannan ba.

Na tambaye ka in na'ura ba ta ga mutum ba ko akwai mai ganinsa. Ka ba ni amsa mai kyau, na karanta har na haddace, amma wannan tambayar ba ka amsa ta ba. Ni ma da laifina. Na yi maka tambayar a rufe, na sa ka amsa a rufe. Kunya ta hana shi, alkawari ya hana ni, kai kuma ka cire sunaye don ka yi adalci. Kowa a cikinmu abin kirki ya nufa, ga inda muka kai shi.

Ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa. Jiya na gan shi yana jujjuya babban yatsansa a rana yana dubawa, da ya ga ina kallo sai ya sa hannun a aljihu. Bai taɓa faɗin mummunar magana a kanka ba. Da wani ya zo jaje ya ce ai yaran zamani ba su san darajar manya ba, sai ya ce masa, "Injiniyan ya san aikinsa, kai me ka sani?"

Kada ka zo tukuna, in ya gan ka kwatsam zai shige ɗaki ne. Ka rubuto min abin da za a iya yi. In ba abin da za a iya, shi ma ka rubuto, zan iya karantawa.

Allah ya yi maka albarka. Ban fasa sa maka ba.

Ni ce,
Indo

*

Kaduna, Talata, 13 ga Mayu

Inna,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki. Ban san yadda zan fara ba.

Da na gama karantawa na buɗe lamba arba'in da bakwai. Kwana ashirin da biyar na aiki, an rubuta bai zo ba kwana goma. Bulonsa ya fi na kowa kaɗan. Ni na sa hannu a takardar, Inna. Ko minti ɗaya ban yi a kanta ba.

Sai na buɗe hotunan kyamara, waɗanda suke wurina tun farkon watan jiya ban taɓa dubawa ba, don na ɗauka lambobi sun ishe ni. Hoton ƙarfe shida na safe, kowace rana, ba kowa a wurin sai mutum ɗaya da tiyo a hannu. Har da kwana goman da aka ce bai zo ba. Fuskar ba ta fito ba, amma hular da na saya masa da Sallah ce a kansa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ranar Asabar, washegarin sallamarsa, inda yake tsaye a wajen wayar shinge.

Akwai abin da ya fi wannan. Tun da aka sallame shi ruwan da ake ɗiba a tanki ya ragu da rabi. Allona ya nuna kore, wai an daina ɓarnar ruwa. Har na kira Labaran na yaba masa. Jiya na sa a duba bangon gabas, an ce ya fara tsagewa.

Kin ce kada in zo, ban zo ba. Amma na kira Baba. Ya ce lafiya lau, ya tambaye ni aiki, ya ce ruwa bai sauka ba tukuna. Na riƙe wayar ina so in ce Baba ka yafe min, bakina ya ƙi. Ashe ni ma irinku ne.

Na gyara tsarin. Na sa wurin rubuta ban ruwa da gyaran layi. Wanda yatsansa ba ya kamawa za a ba shi kati. Ba za a ƙara sallamar kowa ba sai an buɗe hoto an kuma je an yi magana da shi baki da baki. Sauran bakwai ɗin ma ina bin nasu, na riga na samu dattijo ɗaya mai irin yatsan Baba.

Ga takarda biyu a ciki. Ɗaya ta kamfani ce, an mayar da shi aiki a matsayin mai duba aikin birkiloli, ba zai ƙara ɗaga bulo ba. Ɗayar tawa ce zuwa gare shi, layi huɗu ce kawai. Ki karanta masa, don Allah. Na san abin da zai jawo miki. Ki yafe min wannan ma.

Ɗanki,
Abdulbaƙi

*

Wudil, Alhamis, 22 ga Mayu

Zuwa ga yayan Sakina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya.

Na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ke kika faɗa." Na ce ni ce. Kwana uku bai yi min magana ba. Har yau ban san ko ya yafe ba, ban kuma tambaya ba.

Ta kamfanin ya ce in mayar maka. Ya ce, "Mai duba aiki, ba ɗaga bulo. Kujerar nan ce dai a inuwa." Ɗaya dattijon da ka samu, ya ce shi a mayar da shi. Taka takardar kuwa ya sa na sake karantawa, ya linke ta ya sa a cikin hularsa.

Ruwa ya sauka shekaranjiya. Gobe zai tafi Indabo wurin ƙaninsa, ya ce noma zai yi bana. Jakar kayan aikin tana nan a ƙusa, bai ce a ba kowa ba, bai kuma ɗauka ba.

Ɗazu ina wannan rubutun ya shigo ya tsaya a kaina. Ya ce, "Wa kike rubuta wa?" Na ce shi. Sai ya ce in ce maka bangon gabas a sauke shi daga layi na biyar, kada a rufe tsagar da filasta, mata ne za su kwanta a ƙarƙashinsa. Na ce shi ke nan? Sai ya karɓi birona, ya goga tawadar a babban yatsansa har ya yi shuɗi, ya danna a ƙasan takardar nan. Ya ce, "Ga shi nan. Ya duba da idonsa."

Na kai ta bakin ƙofa wurin haske na duba kafin in linke. Babu zane ko ɗaya, tabo ne kawai. Amma ni na gane shi.

Ni ce mahaifiyarka,
Indo